Tukunyar Zumar Mahaifinsa

Ranar Asabar, 16 ga Maris, 2019, gari ya waye da zafi, ko ganye ba ya motsi. Da safiyar nan ce ƙudan zuma suka shiga amyar Ezekiel. Ezekiel tsohon ma'aikacin masaƙa ne da ke zaune a Mahuta, mutumin kirki, sai dai ba ya iya jiran komai.

Amyar tukunyar ƙasa ce mai ƙananan ramuka. Kakansu ne ya fara ɗora ta a kan bishiya, mahaifinsu ya gada. Da mahaifin ya rasu, yayarsa Miriam ta aiko masa da ita daga ƙauye, ta ce ya riƙe ta amana. Ya ɗaure ta a mangwaron bayan gida.

Washegari a coci ya miƙe ya yi alkawarin kawo zuma ranar Ista.

A hanyar gida matarsa Naomi ta ce, "Baban Janet, baƙin da suka sauka jiya ne za su yi maka zuma kafin Ista?"

Ya ce, "To, me suke jira?"

Kullum sai ya hau ya buɗe murfin, ya tarar da 'yar saƙa fara, babu zuma. Abin ya ɗaure masa kai. Wani maƙwabci ya ce a garinsu amyar ciyawa ake saƙawa a shafe da kashin shanu, ta fi sauri. Wani ɗan Filato ya rantse babu kamar kututturen da aka rarake. Ezekiel ya rasa na wa zai ɗauka, sai ya samo duka biyun.

Naomi ta ce, "Yanzu wanne ne gidansu?"

Ya ce, "Ni ma ban sani ba tukuna."

Ya yi hayaƙi ya juye ƙudan cikin ta ciyawa, suka koma tukunya. Ya kai su kututture, suka sake komawa. Ana jibi Ista ya sauko da tukunyar don ya ɓoye musu ita. Suka rufe shi da harbi, ya sake ta, ta tarwatse a ƙasa. Ƙudan suka tashi suka yi wajen kogi.

Ya zauna da kumburarriyar fuska yana tambayar Naomi, "Gida uku na ba su. Me kuma suke so?"

Ranar Ista bai je coci ba. Miriam ta yi ta kira a waya, ya kasa ɗauka, don bakinsa ba zai iya faɗa mata tukunyar ta fashe ba. Sai da damina ta sauka ya rubuta mata wasiƙa, ya kai gidan waya da kansa ya jefa.

Darasin a nan shi ne, abin da aka ba ka amana yana bukatar haƙuri fiye da dabara. Mai gaggawa kowace shawara yake bi, har ya rasa abin da ke hannunsa. Tukunyar da ta yi zamani biyu a kan bishiya, ko damina ɗaya ba ta gani ba a hannun Ezekiel.