Garkuwar da Telekos ya yar

Akwai wata mata a unguwarmu a birnin Isparta, ana kiranta Arista. Ɗanta ɗaya tal, Telekos. Ya dawo daga yaƙi da ransa, amma babu garkuwa a hannunsa.

Kun san hukuncinmu: wanda ya dawo ba garkuwa, matsoraci ne. Aka aske masa rabin gemu, aka sa masa riga mai faci, aka haramta masa zama cin abinci da maza. Ko gaisuwarsa babu mai amsawa.

Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Alhali yar da garkuwar ya yi don ya goyo Bolidas, ɗan maƙwabciyarsu Nikora, wanda mashi ya fasa wa cinya.

Nikora ta sani, domin ɗanta ya gaya mata. Sai ta ce masa, "Ka kuskura ka faɗa wa wani! Goyonka aka yi kamar jariri? Ka haɗiye maganar nan."

Da ma ta tsaya nan. Ina! Kullum a bakin rijiya sai ta ɗaga murya: "Ku matsa, ga uwar zomo sarkin gudu. Arista, me kika ba shi yana ƙarami, nono ko ruwa?"

Mata su kwashe da dariya. Arista ta ɗauki tulunta ta wuce, tana cizon leɓe.

Shi kuwa Bolidas kunya ta hana shi sakat. Da aka sake kiran yaƙi, ya bi sahu yana ɗingishi, cinyar ba ta warke ba. Gawarsa aka kawo.

Bisa al'ada Nikora ta yi ado, ta zaga gari tana murmushi, ana yi mata barka don ɗanta ya mutu a fagen yaƙi. Kwana uku babu inda za ta zubar da hawaye ba a gan ta ba. Gida ɗaya ne mutane ba sa leƙawa. Da rana tsaka ta je ƙofar Arista.

"'Yar'uwa, ki bar ni in shiga in yi kuka."

Arista ta tare ƙofa, ta nuna mutanen da ke kan layi. "Yau ni ce 'yar'uwa? Za ki shiga. Amma ki juya ki gaya wa mutanen can wanda ya goyo ɗanki wancan karon."

Nikora ta juya, ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Telekos ne. Ni na hana a faɗa."

Arista ta ce, "Ƙara ɗaga murya. A rijiya ai ana jin ki har kasuwa."

Ta sake faɗa da ƙarfi, duk layin suka ji. Sannan Arista ta kauce mata.

Darasi: Tir da girman da sai an tattake mai alheri ake samunsa. Wanda ya ceci naka, ka faɗa tun bakinka bai yi nauyi ba. Nawa ɗan yana fagen yaƙi yanzu, ban san wa zai goyo shi ba. Ku kai labarin nan ga kowace uwa.