Sifirin Mai Tsaga

A wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, shekaru da yawa baya, an yi wani mutum, bawan Allah, ana ce masa Ilu Bakanike. Aikinsa gyaran ƙarƙashin motocin da ke shiga daji. Kullum yana kwance a kan kwali, ƙafafunsa kawai ake gani.

Wata Laraba sai Alhaji Mamuda, mai motoci biyar a tasha, ya kawo masa a-kori-kura guda. Ya ce, "Ilu, bayan motar nan ya zauna. Ka ɗaga min shi, ka ƙara sifirin, ka sa dogayen shokazoba masu rage girgiza. Buhu talatin nake so ta ɗauka, mutane a sama. Gobe kasuwa."

Ilu ya kwance sifirin, wato faifayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota. Ku saurara, jama'a. Masu wannan sana'a ba da ido kaɗai suke dubawa ba. Sukan rataye ƙarfen su buga masa guduma. Mai lafiya ya yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga ya yi "dum". Ilu ya buga babban faifan, wanda sauran ke kwance a ƙarƙashinsa. Dum.

Ya ce, "Alhaji, ka ji? Akwai tsaga. Sai an kawo sabo daga birni, kwana uku."

Alhaji ya ce, "Kiɗa na zo ji? Ka yi masa walda, ka shafa baƙin fenti, ka ɗaura sababbin a ƙarƙashinsa. Wa zai leƙa?"

"Ranka ya daɗe, sifirin da ya sha walda ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Buhu ba ya jin ciwo, amma mutane fa?"

"Motoci biyar, Ilu. Duk kai kake taɓa su. Ka yi tunanin gidanka."

Ilu ya yi tunanin gidansa. Bakuna takwas ne a ciki. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji. Hannuna ba zai yi ba."

Aka janye motar zuwa wani garejin, sauran huɗun suka bi ta. Can aka yi waldar, aka yi fentin. Wata biyu tana aiki, ana yi wa Ilu dariya a tasha. Da damina ta kankama, a gangaren wani kwazazzabo, faifan ya karye. Mota ta kishingiɗa, buhuna suka zubo a kan wata mai tallar daddawa da ke cikin fasinjojin. Ta rayu, amma da sanda ta ƙarasa rayuwarta.

Kuna jira in ce Alhaji ya dawo ya ba shi haƙuri? Bai dawo ba, kunya ta hana shi. Ilu ya tsufa yana gyaran injin ban ruwa, wata rana a samu, wata rana a rasa. Abin da ya tsira da shi ɗaya ne: ƙafar matar nan ba ta wuyansa.

To, 'yan'uwa, amana tana wurin da mai kaya ba ya leƙawa. Ni dai na gaji da tsayuwa a bakin tasha ina kallon 'ya'yanmu a saman buhuna, ina tunanin wane ne ya kwanta ƙarƙashin motar nan. Kai magini, kai mai haɗa magani, kai mai ɗaure noti, ɗan wani zai hau aikinka. Idan ka ji tsaga, ka faɗa, ko da motoci biyar za su bar ƙofarka. Allah Ya sa mu iya.