Abin da Iya Ta Yi Buɗa-Baki da Shi

An yi wani mutum, ɗan ƙasarmu, da aka turo Kuala Lumpur karatun digiri na uku a kimiyyar abinci. Ba sai an faɗi sunansa ba, domin Allah yana son rufin asiri. A unguwar Setapak yake zaune da matarsa Rumaisa da 'yarsu ƙarama. Mutum ne mai kunya, mai zaƙin karatu. In aka taru gidan wani lokacin sallah ya yi, shi ake turawa gaba.

Bincikensa a kan yis yake, yadda yake cin sukari, yadda yake kumbura ƙullu. Wata rana wani abokin aikinsa, wanda ba Musulmi ba, ya tsokane shi: "Kai iliminka na takarda ne. Ni a kicin nake haɗa giyata, kai ko kofi ɗaya ba za ka iya ba." Ya yi dariya, amma maganar ta bi shi har gida.

Ya 'yan uwa, Shaiɗan bai ce masa "sha" ba, ya san ba zai ji ba. Cewa ya yi, "Gwada ka gani. Ai ilimi ne."

Ya sayo tsiron sha'ir da yis da bokiti mai murfi. Da Rumaisa ta tambaya, ya ce khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, yake haɗawa na bincike. Ta ce, "To Dakta, in ya yi kyau a sam mana na salak."

Haɗin farko ya lalace. Yana buɗe murfi tsami ya buge shi, abin ya zama khal na gaske. Ku dubi rahamar Ubangiji! An mayar masa da ƙaryarsa gaskiya, an buɗe masa ƙofar fita ba wanda ya sani. Me ya yi? Zama ya yi yana neman inda ya kuskure. Ya gano bokitin bai wanku ba, iska kuma ta shiga. Ya gyara.

Na biyu ya fito da warin ruɓaɓɓiyar ayaba, zafin garin ya yi wa yis yawa. Ɗaki ɗaya ne mai sanyi a gidan, wanda yarinya take kwana. Ya fitar da katifarta falo, ya ba bokiti ɗakin. Yarinya na sosa ƙurajen zafi ƙarƙashin fanka, bokiti na shan esi.

Na uku ya fito salam, ba kumfa. Ta yaya ya san salam ne? Ai sai da ya kai baki. Da farko yakan kurɓa ya tofar, ya yi ta kuskure baki yana istigfari. Daga baya ya bar tofarwa. In aka tura shi limanci sai ya ji gumi na bin bayansa, amma bai taɓa cewa a sa wani ba.

Abin da ya rage masa shi ne wari, don shi zai tona shi. Nan ya zuba duk iliminsa. Ya cire furen nan mai ɗaci da ake sa wa giya, ya sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, ya ƙara sukari don ta yi ƙarfi. Ta fito zar, kamar lemon cittar da Rumaisa take yi. Ya ɗura a irin robobinta, ya tura can ƙuryar firiji. Abokin nan ya ɗanɗana ya ce da yarensu, "Boleh lah!", wato ta yi. Ranar ya ji daɗi kamar an ba shi digirin.

Ana nan Rumaisa ta haihu, mahaifiyarsa Iya ta zo daga gida wankan jego. Ya ɓoye bokiti. Ya tsaya gaban firiji zai zubar da robobin, hannunsa ya ƙi. Ya ce a ransa, ai Iya ba ta shan sanyi.

Ranar wata Alhamis Iya tana azumi, mata kuma sun cika gidan barka. An wuni ana zafi, baƙi sun shanye lemon da ke gaba. Da aka kira Magariba, tsohuwa ta miƙa hannu can cikin firiji ta jawo roba, ta yi bismillah. Ta ce, "Kai, cittar ƙasar nan akwai yaji!" Ta shanye a cikin da ba komai, ta ƙara wata.

Da ya dawo daga masallaci, tun daga ƙofa ya ji mata na dariya. Iya ce a tsakiyar falo, ɗankwali ya zame, tana waƙa tana kiran sunansa da ƙarfi. Iya da ba ta taɓa faɗin sunan nan ba tun da ta haife shi, domin ɗan fari ne.

Wata ta ce, "Iya, daɗin jika ne haka? Ki rage mana rawar zuwa ranar suna!"

Iya ta ce ba ta yi sallah ba, a kama ta. Ta kabbarta, tana zuwa ruku'u ta kife. Dariya ta ɗauke. Walida, maƙwabciyarsu mai karatun haɗa magunguna, ta ɗauki robar ta sansana, ta ɗan lasa. Ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

Rumaisa ta karɓi robar. "Wannan ba nawa ba ne," in ji ta a hankali. "Dakta, khal ɗin naka ke nan?"

Ya kasa ɗaga ido. Yana jin mata suna neman takalmansu, suna fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai sallama.

Da safe Iya ta kira shi. "Me na sha?" Ya durƙusa ya faɗa mata. Ya fara cewa ai ba ta da laifi tunda ba ta sani ba. Ta katse shi.

"Na san Allah ba zai kama ni ba. Na tsufa ban san ɗanɗanonta ba, sai da na hau jirgi na zo gidan ɗana, kuma da ita na buɗe baki."

Ba ta yi masa baki ba. Amma har ta bar ƙasar ba ta ƙara karɓar ko ruwa daga hannunsa ba, sai na kedai, wato kanti, mai rufaffen baki, ta buɗe da kanta. Da za ta tafi, Rumaisa ta kwashi yara ta bi ta. Ba wanda ya kore shi daga jama'a, shi ya kori kansa. In ya hango ɗan Najeriya a tasha sai ya sauya hanya. Karatun ya tsaya, ya koma gida babu digiri, ya tarar labarin ya riga shi.

Ya 'yan uwa, in kana shirin saɓo sai abin ya lalace maka, kada ka ce rashin sa'a ne. Jan kunne ne, ka karɓa ka gode. Ilimin da Allah ya ba ka amana ne, kada ka mai da shi makamin gyara haram. Kuma kada wani ya ce zunubina ni kaɗai ya shafa. Abin da ka ɓoye a gida, na gida zai fara ci, sau da yawa wanda ka fi jin kunyarsa.

Ƙofar tuba ba ta rufe ba, ko ga wannan bawan. Allah ya yafe masa, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga aikin da zai hana mu kallon idon iyayenmu. Amin.