Jan Zankon Tsagera

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Wani ɗan tsako ne, Tsagera, ya koya wa 'yan'uwansa cewa duk abin da ya yi ja, na caccaka ne. Autarsu ta kurje a wuya, suka taru a kanta har ta kusa mutuwa. Uwarsu Kaza ta riƙa shafa mata shuni don jan ya ɓace.

Tsagera ya ce, "Iya, ɓarnar shuni kike yi. Raguwa ce kawai."

Kaza ta ce, "To, jarumi."

Kwanci tashi, zankon gogan naku ya tsiro jawur a ka. 'Yan'uwa suka yi masa caa, yadda ya koya musu. Ya ruga yana ihu, "Iya, shuni!"

Kaza ta ce, "Ai ya ƙare a wuyan raguwar nan, jarumi."

Ƙurunƙus kan mai jan zanko.