Bokitin Bayan Kicin

Auta malamar firamare ce, mace mai kirki da sakin fuska, amma tana da wani hali guda da ya yi mata katutu: ba ta iya wuce kayan miya a kasuwa ba ta tsaya ba. Duk Asabar takan fita da niyyar sayen abu uku, ta dawo da leda tara. In mai tumatir ya ce mata "Hajiya, na yau ne," shi ke nan an gama da ita. Ba ta taɓa buɗe firij ta duba abin da ya rage kafin ta fita ba, ba ta kuma taɓa tambayar kanta ranar da za a ci abin da take saya ba. Sabo ya shigo ya tura tsoho baya, tsoho ya ruɓe a can cikin lungu, daga nan sai wani shuɗin bokiti da ke bayan kicin.

Maigidanta, wanda direban motar ma'aikata ne, yakan tsokane ta ya ce, "Gidan nan mu huɗu ne: ni, ke, 'yarmu, da bokiti. Kuma duk cikinmu bokiti ya fi ƙiba." Sai ta yi dariya, maganar ta bi ta bayan kunnenta.

Ana nan sai mahaifinta ya dawo gidan da zama. Baba manomin lambu ne, shekara arba'in yana ban ruwa da hannunsa. Bayan rasuwar matarsa hawan jini ya kama shi, gwiwoyi suka ƙi, har ya taɓa faɗuwa a bakin rijiya ya yi awa biyu babu wanda ya sani. Likita ya ce kada a ƙara barinsa shi kaɗai. Da ƙyar Auta da yayanta suka shawo kansa ya miƙa lambun ga wani, ya tattaro kayansa. Ranar da ya iso, ban da jakarsa, yana rungume da kwando guda: tumatir, tattasai, karas, da damin alayyafo uku da ya ɗaure da yagin tsohon rawaninsa.

"Ungo, Auta," in ji shi. "Wannan shi ne na ƙarshe da hannuna ya shuka. Bayansa babu wani."

"Baba, girki na musamman zan yi maka da shi," ta ce, kuma har zuciyarta da gaske take.

Ta sa kayan a firij tana jiran ranar da za ta sami lokacin girki na musamman. Asabar ta zo, ta je kasuwa, ta dawo da ledojinta ta jera a gaba. Wata Asabar ta sake zuwa. Ranar da wari ya fara tashi, ta zura hannu can baya ta jawo abin da ya narke, ko dubawa ba ta yi ba ta juye a bokiti, ta wuce makaranta.

Da ta dawo da yamma ta tarar da Baba zaune a kan kujera a bayan kicin, bokitin a gabansa, yagin rawani uku a tafin hannunsa. Nan take ta gane kayan lambunsa ne ta zubar.

"Tumatirin nan wata uku na yi ina kai masa ruwa da gwiwar da kike gani," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Ban ce ki biya ni ba. Ci kawai na ce ki yi."

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, mantuwa ce."

"Ba mantuwa ba ce, hali ne. Kwana goma sha biyu ina gidan nan, kullum sai na leƙa bokitin nan, kullum da abin da wani ya sha rana a kansa. Ki kira yayanki ya zo ƙarshen wata ya mayar da ni ɗakina. Ba zan iya zama ina kallon wannan ba."

Ta durƙusa, ta yi kuka, ta yi alkawari. Baba ko gezau. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba bakinki nake saurare ba, bokitin nake kallo." Ya tashi ya shige ɗaki, ya mayar da kayansa cikin jaka, ya jingine ta a bakin ƙofa.

Auta ta san abin da komawar ke nufi: ɗaki ɗaya a gefen lambu, babu mai tuna masa magani, babu mai jin faɗuwarsa. Saura mako uku. Kunya ta kama ta, tsoro ya fi kunyar yawa, sai ta share hawaye ta ɗaura ɗamara. Ta ɗauko irin takardar da take tsara darussan mako da ita, ta ja layi bakwai, ta rubuta abin da za a ci kowace rana, safe, rana da dare, ta manna a ƙofar firij.

Maigidan ya tsaya yana karantawa. "Ikon Allah! Shekara tara kina tsara wa 'ya'yan mutane mako, sai yau tukunya ta samu shiga aji. Malama, akwai jarrabawa?"

"Akwai," ta ce. "Kuma ni ake yi wa."

Makon farko ta faɗi. Ta rage sayayya, amma ta sa dankali ranar Lahadi, ta kai ganye can Juma'a. Kafin Laraba ganyen ya yi yaushi, ranar Alhamis ya tafi bokiti. Ta tsaya a kansa kamar ta fasa ihu, amma ba ta yage takardar ba. Sabuwa ta ɗauko ta fara jan layi.

Baba, wanda ya yi kwanaki ba ya tanka mata sai gaisuwa, ya zo wucewa ya ɗauki ruwa. Ya dubi takardar, ya wuce, ya dawo. Manomi ba ya iya ganin ana ɓarna a kan ganye ya yi shiru.

"Wa ya koya miki ajiye alayyafo har Juma'a?"

"Babu kowa, Baba."

"Ai na gani. Kawo biro. Kayan lambu kamar marasa lafiya ne a layin asibiti, wanda ya fi jin jiki shi ake fara gani. Ganye kwana biyu gare shi. Tumatir nunanne huɗu, in za ki wuce haka ki markaɗa ki tafasa. Kabeji da karas suna da haƙuri. Albasa da dankali kuwa ki bar su can ƙarshe, ba inda za su."

Ta rubuta duka. Ta mayar da Laraba ranar ragowa: duk abin da ya saura daga farkon mako a ranar za a ɗumama shi ko a sake masa kama, shinkafar jiya a soya ta da ƙwai da karas. Ta samo kofi ɗaya ta riƙa auna shinkafa da wake da shi, maimakon zubawa da ka. Ranar Juma'a da yamma ta fito da komai daga firij, ta jawo tsoho gaba, sannan ta rubuta abin da babu.

Asabar ita ce babbar jarrabawa. Mai tumatir na hango ta ya washe baki. "Hajiya, yau kwando guda na ajiye miki, kyauta ma ta fi shi tsada!"

Ƙafarta ta tsaya da kanta, don hali zanen dutse ne. Ta dubi tumatirin, ja jawur, ta dubi takardar hannunta. "Rabin kwano," ta ce.

"Rabin kwano? Lafiya dai, ko baƙi ne suka tafi?"

"Baƙo ɗaya na sallama," in ji ta. "Ya daɗe yana ci a gidana ba godiya."

Mako na biyu abin da ya shiga bokitin bai wuce ɓawon albasa, ɓawon ƙwai da rabin kabejin da ya kufce mata ba. Mako na uku ko kabejin babu. Kullum da safe tana jin takun sandar Baba zuwa bayan kicin da dawowarsa, jakar kuma tana nan a bakin ƙofa.

Ƙarshen wata Yaya ya iso da mota. Aka gaisa, aka ci abinci. Yaya ya miƙe ya ɗauki jakar. Baba ya dogara sandarsa ya nufi bayan kicin, suka bi shi. Ya leƙa bokitin ya daɗe, sannan ya juye ɗan ɓawon da ke ciki a gefe, ya kife shi.

"Ke Auta, samo mini ƙusa da guduma."

Ta kawo masa. Ya huda gindin bokitin wuri biyar, ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar takarda a ƙulle, ya warware. Irin tumatir ne, busasshe.

"Bokitin nan ya rasa aikin yi, gara in ba shi wani," ya ce. "Kai kuma ajiye jakar nan ka nemo mini ƙasa mai kyau. Wata uku yake yi kafin ya nuna, kuma ba na barin shukata a hannun kowa."

Auta ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, wannan karon na murna.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, almubazzaranci ba sai mai mugun nufi ke yin sa ba, rashin tsari kaɗai ya isa. Kowace ƙwayar abinci da ta shigo gidanka gumin wani ce. Kafin ka tafi kasuwa duba abin da kake da shi, ka san ranar da za a ci abin da za ka saya, ka fara da wanda zai riga lalacewa. In kuma ka yi kuskure, kada ka tsaya ga ban haƙuri da baki. Gyara da aiki, ka daure ko ka faɗi a karon farko, domin mutane ba alkawarinka suke kallo ba, bokitinka suke leƙawa.