Garzali da Ranin Teku

Akwai wani ɗalibi a garin Greensboro, can ƙasar waje, wajen 1983, ana ce masa Garzali. Duk ran Juma'a in 'yan gida sun taru a ɗakin Malam Ɗalha, sai ya gyara zama ya ce, "Ni da teku ai hanta da jini ne. Shekara uku na yi a jirgin kamun kifi a Ikko. Na taɓa yin Azahar a bayan kifi, na zaci tsibiri ne."

Ba a banza yake cika bakin nan ba. Larai, ƙanwar Malam Ɗalha, karatun halittun teku take yi, shi kuwa aurenta yake nema.

Da hutu ya zo aka cika mota biyu, tafiyar awa huɗu, sai bakin teku. Suka tarar ruwa ya ja baya da nisa, ya bar jiƙaƙƙen rairayi da 'yan kifaye a kududdufai. Larai ta ɗauki bokitinta ta yi gaba.

Malam Ɗalha ya ce, "To gwani, ina za mu shimfiɗa?"

Garzali ya ƙanƙance ido. "Can ƙasa, Malam. Rani ne, ruwan nan sai damina. Da a gida ne, da tuni an shuka albasa a wurin."

Aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye tukunyar dafa-duka da takalma, aka tafi yawo.

Ko da suka dawo, babu tabarma ko ɗaya. Tukunya ta kife, takalmin Malam Ɗalha yana lilo a kan igiyar ruwa.

Garzali ya ce, "Ambaliya ce! Lalle an sheƙa ruwa a wani gari."

Larai ta ajiye bokitinta. "Yaya Garzali, kullum sau biyu teku yake janyewa ya dawo. Kifayen kududdufin nan shi suke jira. Ko ƙaguwa ta san lokacinsa. A wane tekun ka yi shekara ukun?"

Garzali ya sunkuyar da kai, ya tsura wa ƙafar Malam Ɗalha ido, ga ta tsirara a rairayi.

"Kogin Wudil," in ji shi, murya can ciki. "Shi ma daga kan gada."

Darasi: "Ban sani ba" ba ta taɓa jiƙa takalmin kowa ba, amma ƙarya sai ta kunyata mai ita a gaban wanda ya fi jin nauyi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sallah a bayan kifi.