Aibun Hakimi a Faifan Yashi

Ni Jatau mai bugun ƙasa, ko akuyata da ta ɓata na kasa ganowa. Sai ga Hakimi ya aiko kirana.

Ya ce, "Duba mini babban aibuna. In ka yi ƙarya, bulala."

Na zana yashi, ban ga komai ba sai yashi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ta ce kana dukan duk wanda ya faɗa maka aibunka."

"Ƙarya ne! Dogari, kwantar da shi!"

"To, ranka ya daɗe, bulalar farko na sauka, dubana ya tabbata gaban jama'a."

Hakimi ya dakatar da dogari, ya ce, "Tashi ka tafi."

Tun ranar ake layi a ƙofata. Akuyar kuwa har yau ban gan ta ba.